Ranar da Na Buɗe Kwamfutar Kawu Modu

Kakata ta wajen uwa, Kaka Fanna, ba ta yarda a kashe wutar murhu da zarar an sauke tuwo. Sai ta ce a bar mata garwashinta. A gidanta na unguwar Wulari muka taso bayan rasuwar mahaifinmu, ni da yayana Bukar da ƙannena biyu. In an yi sallar magariba an ci abinci, sai ta jawo 'yar kujerarta kusa da murhun, ta tura gyaɗa mai ɓawo cikin toka, ta ɗaga murya da Kanuri ta ce, "Are, are!" wato mu zo. Kafin ta rufe baki mun shimfiɗa tabarma.

Mu biyar ne a kan tabarmar, domin akwai Ngozi. Gidansu na jikin namu, a nan Maiduguri aka haife ta, ajinmu ɗaya a makaranta. Saboda ita Kaka take ba mu tatsuniya da Hausa, don kada a bar ta a baya. Hausar Kaka kuwa ba ta raba mace da namiji. Ni Falmata "kai" take ce mini, Ngozi ma "kai" ce, mu yi ta dariya, ita kuma ta ce wanda ya gyara mata harshe ba shi da gyaɗa. Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Za ta ce, "Daga bakin tafki na ɗauko muku ita." Mu amsa, "A sauke ta mu gani." In ta gama sai ta karkaɗe zaninta ta ce ta mayar da ita ruwa.

Mahaifin Ngozi yana da shago a kasuwa, yana sayar da rediyo da talabijin na hannu, daga baya ya fara kawo kwamfuta. Baban Ngozi kowa ke kiransa. Duk shekara in ya je garinsu hutun Kirsimeti, sai ya dawo wa Kaka da wani man shafawa mai zafi saboda ciwon gwiwarta. Da kansa yake kawowa, ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta da Kanuri ya ce, "Wushe, Kaka," ita kuma ta yi ta sa masa albarka har ya gaji da amsa amin.

Ni tun ina ƙarama ba na iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Na buɗe tocilan, na buɗe agogon bangon ɗakin mahaifiyata, na taɓa kwance kan injin markaɗe na kasa mayarwa. Ba ɓarna nake nufi ba. In na ga abu yana motsi ko yana magana, sai in ji kamar ana sosa mini cikin kai har sai na ga abin da ke cikinsa. Ana yi mini faɗa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Yarinya ce, za ta daina.

Ina shekara goma sha biyu Kawu Modu, ƙanin mahaifiyata, ya gaji da neman aikin gwamnati. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi kwamfuta a wurin Baban Ngozi don ya riƙa buga wa ɗalibai takardu. Ita ce dukiyarsa gaba ɗaya. Ya ajiye ta a ɗakinsa na kusa da zaure, ya lulluɓe ta da tsohon zanin Kaka, ya tara mu ya ce duk wanda ya taɓa ta sai ya karya masa hannu. Nakan tsaya a bakin taga in kalle shi yana danna haruffa suna fitowa a allo. Kwana tara na yi ina kallo. Ko a aji, in malam yana magana, ƙarar fankar cikinta nake ji a kunnena.

Ranar Juma'a ce. Maza sun tafi masallaci, babu wuta, mahaifiyata tana wanki a bayan gida, Kaka ta kishingiɗa. Na san Kawu a saman ƙofa yake ajiye makullinsa. Na ɗauki 'yar wuƙar da Kaka ke fasa goro da ita, na shiga, na kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe da murfin. Ta ukun ta yi tauri har tsinin wuƙar ya lanƙwashe.

Har yau ban manta abin da na gani ba. Wani koren allo ne shimfiɗe, da siraran layuka na zinariya suna bi ta ko'ina kamar lungunan unguwa, ga ƙananan baƙaƙen abubuwa jere kamar gidaje, ga wayoyi ja da rawaya a ɗaure wuri ɗaya. Na hura ƙurar fankar, ta juya sau biyu. Na tsuguna ina kallo, ina jin wani irin daɗi da ban taɓa ji ba, ko a ranar Sallah. Ban cire komai ba. Na mayar da murfin, na ɗaure ƙusoshin. Sai idona ya faɗa kan wani ɗan jan maɓalli a bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, da lamba a jikinsa. Na sa tsinin wuƙa na tura shi gefe, lambar ta canza. Ina cikin mamaki na ji muryar maza a waje sun dawo. Na ja zanin na rufe, na fita da gudu. Ban mayar da shi ba.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Ina tsakar gida na ji ƙara kamar an fasa kwalba, sai ihun Kawu, sai warin ƙonanniyar roba ya cika gidan.

Kawu bai tsaya sa takalmi ba ya nufi ƙofar su Ngozi yana kiran mahaifinta. Maƙwabta suka firfito. Baban Ngozi bai daɗe da dawowa daga kasuwa ba, ya biyo shi har ɗakin, mu kuma muka cika bakin ƙofa. Ya juya akwatin, ya duba bayansa, ya shafa kan ƙusoshin da yatsa.

"Modu, an taɓa wannan abu," in ji shi a hankali.

"Wa zai taɓa? Ɗakina a kulle yake. Bukar tare muka je masallaci. Sauran mata ne da yara."

"Ni dai na gaya maka, ba haka na ba ka ita ba."

"To ƙarya nake yi ke nan? Ka sayar mini da gawa, ka zo har gidan uwata kana ɗora wa mutanen gida? Macuci kawai! Na sayar da babur ɗina saboda na yarda da kai!"

Mutane suna ji. Wani dattijo yana ba da haƙuri, wasu suna gyaɗa kai kamar dama sun sani. Baban Ngozi ya ɗago ya dubi mu yaran da ke bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da idonsa ya zo kaina na sunkuyar da kai. Bai tsaya a kaina ba, ba kuma wanda ya zarge ni. Ya ɗauki akwatin ya saɓa a kafaɗa ya fita. Bayan kwana uku ya dawo da ita a gyare, ya ajiye a zaure, bai shigo gaida Kaka ba.

Amma tun daren Juma'ar nan mu huɗu ne a kan tabarma. Kaka ta kira "Are, are" sau biyu, ta dubi ƙofa, ba wanda ya shigo. Ta ciro goro da wuƙarta, ta bi tsinin da babban yatsanta, ta sake bi. Ba ta dube ni ba. Ta ce daga bakin tafki ta ɗauko mana ita, kuma duk da babu Ngozi, da Hausa ta ba da ita.

Ta ce a wancan zamani Bushiya ba ta da ƙaya ko ɗaya, jikinta sumul, ita ce kyakkyawar dabbobin bakin ruwa. Shamuwa kuwa baƙuwa ce mai zuwa daga nesa. Wata shekara ta kawo wa dabbobi ganga, wadda in an buga ta kowa ya san lokacin shuka ya yi. Bushiya ta ji muryar gangar, ta kasa barci. Ina muryar nan take kwana? Me take ci? Ranar da kowa ya tafi kiwo sai ta ɗauki ƙayar aduwa ta huda fatar, ɗan ƙaramin rami, ta leƙa. Da ta ji tafiya sai ta shafe ramin da laka ta gudu. Ranar buki Giwa ta ɗaga hannu ta buga, fatar ta yage biyu. Dabbobi suka taso wa Shamuwa, suka ce ruɓaɓɓiyar fata ta kawo musu. Shamuwa ta ce an taɓa gangar. Suka ce duk cikinsu babu mai irin wannan hali. Ta buɗe fikafikanta ta tashi.

Nan Kaka ta rage murya. Ta ce a daren nan Bushiya ta ji abu yana sukar bayanta, da safe ta ga ƙaya ɗaya ta tsiro. Ta ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi ba ta faɗa ba, wata ƙayar ta fito. Haka kullum, har ta kai 'ya'yanta ma ba sa iya jingina da ita. Shi ya sa har yau in ka matso kusa da Bushiya sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, tana zaton tambayar gangar ka zo yi mata.

Bukar ya ce, "Maganinta ke nan. Wa ya aike ta leƙe-leƙe?"

"A'a," in ji Kaka, tana tona gyaɗa daga toka. "Leƙen ba laifi ba ne. Allah ne ya yi shi da ido mai son gani. Da ya tambaya ma da Shamuwa ya buɗe masa." Haka take yi, ta mai da Bushiya da Shamuwa maza a numfashi ɗaya, amma ranar ba wanda ya yi dariya.

Ƙanwata ta ce, "Kaka, Shamuwa ta dawo?"

"Ban sani ba. Wanda ya ba ni tatsuniyar bai ba ni ƙarshenta ba. In akwai wanda ya san ƙarshen a cikinku, ya same ni da safe in na idar da sallah."

Ba ta karkaɗe zaninta ba, ba ta ce ta mayar da ita ruwa ba. Ta miƙo mini gyaɗata kamar kullum. Na riƙe ta a hannu har ta huce, na kasa ci.

Da asuba ina jin motsin butarta. Na tashi har na kai bakin ƙofarta, na tuna fuskar Kawu da maganar karya hannu, na koma na kwanta. Na gaya wa kaina ai ban cire komai ba, wataƙila dama lalatacciya ce. Da wannan wataƙilar na rayu shekara bakwai. A makaranta Ngozi ta daina zama kusa da ni, ni ma ban neme ta ba, don ba na iya haɗa ido da ita. Man gwiwar Kaka ya ƙare, ba a sake kawo wani ba. Nakan gan ta tana matsa gwiwar da tsumma mai ɗumi, in bi ta bayan gida don kada in wuce ta gabanta.

Kaka ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ta yi ma ya fi faɗa ciwo. Ta ba ni tsohuwar rediyon kakanmu ta ce in buɗe in ga cikinta son raina. Da mahaifiyata ta yi ƙorafin cewa wannan ba aikin mace ba ne, sai ta ce, "Ƙyale shi. Hannunsa ne."

Sana'ar Kawu kuwa ta karɓe shi. Ya kama shago, kwamfuta ɗaya ta zama huɗu. Duk wadda ta mutu sai a jefa ta bayan ɗaki, ni kuma in kwashe. Da na gama sakandare na riƙa zuwa shagon intanet ina karanta yadda ake haɗa su, in kwafe a littafi, in dawo gida in gwada. Na ƙona abubuwa da yawa. Wuta ta ja ni ba sau ɗaya ba. A irin wannan karatu ne wata rana na ci karo da hoton ɗan jan maɓallin nan. Bayanin layi biyu ne: in aka tura shi gefe, injin zai ɗauka wutar ƙasar da aka ƙera shi za a ba shi, wadda ƙarfinta rabin tamu ne, da an jona shi a tamu sai ya ƙone nan take. Na karanta sau uku. Na tashi na fita lokacina bai ƙare ba, na nufi gida a ƙasa, ban san na wuce kwanarmu ba.

Ta farkon da na haɗa da hannuna ba ta da akwati. A cikin kwalin taliya na jera kayan, na ɗaure fankar da zare. Da na haɗa wayoyi biyun da ke kunna ta, ta yi ƙara ɗaya, tit, rubutu ya fito a allo, sai na yi ihu har Kaka ta dogaro sandarta ta zo. Ta leƙa kwalin, ta daɗe tana kallon fankar tana juyawa.

"Kai Falmata," ta ce, "yanzu dai ka ga inda muryar take kwana."

"Na gani, Kaka."

"To saura ƙarshen."

Na yi dariya, na ce bari in nuna mata hotonta a allo. Ta bar ni na nuna. A lokacin su Ngozi suna nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu. A daminar shekarar Kaka ta rasu. Baban Ngozi ya zo gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarmar maza, ya tashi kafin a kawo abinci. Da garin ya rikice a shekarun tashin hankali suka loda kayansu a mota suka koma garinsu. Ta jikin labule na kalli motar.

Yanzu ina unguwar Galtimari da mijina da 'ya'yana uku, ina koyarwa a makarantar firamare. Haɗa kwamfuta ba sana'ata ba ce, so ne kawai. Ina da tebur a lungun falo cike da wayoyi da fankoki, ranar Asabar in na gama aikin gida can za a same ni. Na haɗa wa ɗakin karatun makarantarmu guda uku daga tarkacen da aka zubar.

Bara Kawu Modu ya zo mana yini. Ya tsufa, gemu ya yi fari. Ya ga teburina, ya fara ba mijina labarin yadda ya soma sana'a, har ya zo kan mutumin da ya so ya cuce shi da lalatacciyar kwamfuta. Yana yi yana dariya. 'Yata ta fari tana zaune tana saurare. Na ji ba zan iya bari ta tashi da wannan labarin ba.

"Kawu, bai cuce ka ba. Ni ce na buɗe ta. Ni na tura jan maɓallin."

Dariyar ta tsaya. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na jira faɗa, sai ya ce, "Ban san ke ce ba. Amma na daɗe da sanin ba laifinsa ba ne. Shekara ba ta zagayo ba wani mai yi mini aiki ya tura irinsa a shago, ta yi ƙarar nan sak. A ranar na gane. Na riga na kira shi macuci a gaban unguwa. Kullum sai in ce sai na sami lokacin da ya dace."

Sati biyu na yi ina neman lambar Ngozi ta hannun tsofaffin 'yan ajinmu. Da na gabatar da kaina ta yi ihun murna, ta ce, "Kai Falmata!" da muryar Kaka, har muka yi dariya. Sannan na gaya mata. Sai ta ce mahaifinta yana kusa, in gaya masa da bakina. Na riga na kira Kawu, yana zaune gefena.

Muryarsa ta raunana, amma Hausarsa ta Maiduguri tana nan. Ya saurare ni har na gama ina kuka.

"Na san hannun yaro ne," in ji shi. "Babba ba ya kwance ƙusa da wuƙa. Na ga yadda idon Modu ya yi ja, na ce duk yaron da na nuna yau zai sha wuya. Na ce bari in ɗauka, in ya huce gaskiya za ta fito, kwana biyu ko uku." Ya yi tari. "Ban yi zaton za ku bar ni da zargin fiye da shekara ashirin ba. Akwai waɗanda ba su sake shiga shagona ba har na bar garin."

Na ba shi haƙuri.

"Na yafe miki, 'yata. Kin yi latti, amma na yafe. Modu yana raye?"

Na miƙa wa Kawu wayar. Ya karɓa, ya fita ƙofar gida. Ban ji abin da suka ce ba. Ya fi rabin awa, da ya dawo ruwa kawai ya nema.

Ina ƙarama na ɗauka Kaka tsorata ni take yi da tatsuniyar nan. Da na girma na ce hanya ta buɗe mini don in zo da ƙafata. Yanzu da nake da 'ya'ya ina ganin ita ma a tsaka mai wuya ta kwana. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke maƙwabcin da ke durƙusa mata, amma ta san in ta faɗa za a doke ni, kuma ba za a sake barina in riƙe ko tocilan ba. Ta zaɓe ni, ta yi zaton zan yi sauri. Ban sani ba ko ta yi daidai. Na dai san ta jira ni har ta bar duniya, Allah ya jiƙanta, Baban Ngozi ma ya jira, kuma duk cikinmu ni kaɗai na fita da abin da nake so a hannu.

Mutane kan tsaya a gaban teburina su tambaye ni wa ya koya mini. Da can da alfahari nake cewa ba kowa. Yanzu na daina faɗin haka. Sai in ce su zauna, labarin yana da ɗan tsawo, kuma ba ni ce mutuniyar kirkin cikinsa ba.